Jirgin da Aka Huda: Jawabi a Kan Karayar Arziki da Yarda da Allah

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin kasuwa ya gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a Sabo, Badun.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai bayarwa mai hanawa, wanda Ya tara mu a wannan wuri lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu Allah Ya gafarta muku, shugaban taro, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa 'yan kasuwa, da samarinmu da ke tsaye can baya, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Bayan haka, shugabanni sun ɗora mana nauyin mu yi magana a kan yarda da Allah a lokacin da duniya ta juya wa mutum baya. Mu dai 'yan kasuwa ne. Abin da ke hannunmu ɗan abin da muka tsinta ne a makarantar Islamiyya, da wanda muke ji a bakin malamai bayan sallar magariba, sai kuma wanda kasuwa ta koya mana da bulala. Ga malamai nan zaune, inda magana ta fi ƙarfinmu sai su ƙarasa.

Jama'a, ba sai an yi wa mazaunin Kurmi fassarar karayar arziki ba. Manyan cikinmu suna tune da Shagamu a watan Yuli na 1999, yadda aka kwana lafiya aka tashi da gawawwaki, kuma wutar ta tsallaka har Kano ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. An yi Idi-Araba a 2002, an yi Mile 12 a 2016, an yi Sabon Ife a 2017. Sannan ga tamu ta gida, Shasha, a watan Fabrairu na 2021. Kowa ya san mafarinta: cacar baki a kan tumatir da ya zube a ƙofar shago, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani ya rasa ransa, kafin a ankara kasuwa ta kama da wuta. Rumfuna da gidaje da motoci suka ƙone, namu da na Yarabawa, don wuta ba ta tambayar yare. Mata da yara suka cika gidan Sarkin Shasha. Gwamnati ta rufe kasuwa, gwamnonin Kano da Kebbi da Zamfara da Neja suka zo jaje. Bayan nan aka tsayar da motocin abinci daga Arewa na wasu kwanaki, kayan gwari suka ruɓe a hannun manoma, wato asarar ta koma can gida ita ma.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi a farkon 2023. Mutum da kuɗinsa a banki, amma ba shi da na sallamar 'yan dako. Mai saye ya zo da niyya, ba takardar kuɗi a hannunsa, tumatir kuwa ba ya jiran layin banki. Ran 29 ga Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Akwai mutane a cikin wannan taro da suke sauke tirela guda a da, yau kwando goma ma sai an yi karo-karo. Ba za mu nuna kowa ba, kowa ya san kansa.

To, abin da ya sa aka zaɓi wannan magana shi ne wata tambaya da ba a yin ta a bainar jama'a, amma tana nan a zukata, tana fitowa da tsakar dare in mutum ya kasa barci. Tambayar ita ce: me na yi wa Allah? Ina salla, ina zakka, ban tauye mudu ba, ga wane can da kowa ya san halinsa, rumfarsa ko hayaƙi bai taɓa ta ba. Shin Allah Ya daina so na ne?

Wannan tambaya Alƙur'ani ya riga mu sanin ta. Duk wanda ya yi allo ya wuce ta Suratul Fajri tun yana yaro, sai dai ba mu tsaya mun nemi ma'anarta ba. A cikinta Allah Ya ba da labarin halin ɗan Adam, cewa in an yalwata masa sai ya ɗauka girmama shi aka yi, in an ƙuntata masa sai ya ɗauka an wulaƙanta shi. Allah Ya ƙaryata lissafin duka biyu, kuma dukkansu Ya kira su jarrabawa. Kun ga ashe littafin cinikinmu ba shi ne ma'aunin soyayyar Allah ba. Da kuwa shi ne, da Ƙaruna ya fi Annabi Musa matsayi, alhali ƙasa ce ta haɗiye shi da taskokinsa.

Mu dubi wanda Allah Ya fi so a duk halitta. An haife shi maraya. A shekara guda ya rasa matarsa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib, har ake kiran ta shekarar baƙin ciki. Ya je Ɗa'ifa aka jefe shi har jini ya zuba. An fitar da shi daga garin haihuwarsa. 'Ya'yansa bakwai, shida sun rasu yana raye, Nana Faɗima kaɗai ta saura bayansa, ita ma da 'yan watanni. Wata kan kama ya shuɗe ba a hura wuta a gidansa ba, sai dabino da ruwa. Wa zai buɗe baki ya ce Allah ba Ya son sa? Kuma ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, idanunsa sun zubar da hawaye. Annabi Yaƙubu ma ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Saboda haka wanda ya tsaya a kan tokar rumfarsa ya yi hawaye, kada wani ya ce masa imaninsa ya yi rauni. Abin da aka hana shi ne harshe ya furta abin da zai fusata Ubangiji.

Akwai ƙissar da muke so mu ɗan daɗe a kanta, ta Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi, wadda muke karantawa kowace Juma'a. Sun shiga jirgin ruwa na wasu talakawa masu neman abinci a teku. Mutanen nan sun ɗauke su kyauta, kamar yadda ya zo a hadisi. Sakayyar da suka gani ita ce Halliru ya huda musu jirgi. Annabi Musa bai iya yin shiru ba, kuma wallahi ko waninmu ne ba zai yi shiru ba. Sai daga baya aka bayyana masa cewa akwai wani sarki azzalumi a gabansu da ke ƙwace duk lafiyayyen jirgi. Hudar nan ita ta bar musu jarinsu a hannu.

Amma ku lura da wani abu, 'yan uwa. Annabi Musa aka yi wa bayani. Alƙur'ani bai ba mu labarin cewa an koma an gaya wa masu jirgin dalili ba. Su abin da suka gani kawai shi ne sun yi alheri an saka musu da ɓarna, ga ruwa yana shigowa, ga iyali suna jira a gida. Abin da ke gabansu shi ne su nemi katako da ƙusa su toshe. To mu a cikin wannan ƙissa ba Annabi Musa ba ne, ba kuma Halliru ba. Mu ne masu jirgin. Sau da yawa ba za a zo a yi mana bayani ba, har mu koma ga Allah. Shi ya sa ake kiran abin imani. Da ana nuna wa kowa sarkin da aka tsare shi daga gare shi, ai da ba a bukatar haƙuri.

Wani lokaci kuwa bayanin yakan fito, amma sai bayan waɗanda abin ya shafa sun daɗe a ƙasa. Zamanmu a nan shaida ne. Kakanninmu fataken goro ba nan suke zuwa ba, Gwanja suke zuwa. Ayari ya tashi daga Kano da jakai, madugu a gaba, a yi watanni a hanya kafin a isa Salaga. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, hanyar goro ta rikice. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga kanta, masu gidaje da dillalai suka bazu, wanda ya tara ya rasa. Ka tambayi bafataken wannan zamani, zai ce maka duniya ta ƙare. Amma a sanadin haka aka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, manoman Agege da Shagamu suka shiga shuka irin goron, wanda har yau Yarabawa da sunan Gwanja suke kiran sa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, aka kafa wannan Sabo da muke zaune a 1916. Marigayi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasa mahaifinsa yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara da zama. Ta wannan sabuwar hanyar teku ya yi safarar goro kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa, har ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Masallatan da muke salla a ciki da makarantun da 'ya'yanmu ke karatu, tushensu wata asara ce da wasu suka yi kuka a kanta. Hausawa suka ce wani hanin ga Allah baiwa ne.

Sai dai a nan muna roƙon mu yi hattara da harshenmu wajen jaje. Kada mu je wa matar da aka kashe mata miji a Shasha mu ce mata ai alheri ne, za ki gani. Ba mu da wannan ilmi, mu ba Halliru ba ne. Kada kuma mu yi wa wanda ya karye alkawarin cewa lalle Allah zai mayar masa ninki biyu kafin baɗi. An mayar wa Annabi Ayuba, gaskiya ne. Amma Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata a Makka, ya yi shahada a Uhudu ba a sami mayafin da zai rufe shi kai da ƙafa ba, sai da aka sa ciyawa a ƙafafunsa. Cikin fataken Salaga ma da yawa sun mutu ba su farfaɗo ba. Wanda aka yi wa alkawarin da Allah bai yi ba, in shekara ta zagayo bai gani ba, sai ya fara zargin Ubangiji, daga nan sai gidan boka, ko shagon caca inda samarinmu ke zuba ɗan abin da ya rage. Alkawarin da muka tabbata da shi shi ne ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, kuma ladan masu haƙuri ba a auna shi da mudu. Wannan ya isa a faɗa wa mai makoki, sauran a cika da zama kusa da shi da kai masa abinci.

Mun ce kai masa abinci da gangan. Ku koma Suratul Fajri ɗin nan. Da Allah Ya ƙaryata lissafin ɗan Adam, abin da Ya biyo da shi nan take shi ne zargi a kan rashin girmama maraya da rashin kwaɗaitar da juna ciyar da miskini, da son dukiya fiye da kima. Wato an ɗauke idonmu daga tambayar me Allah Yake nufi da wane, an mayar da shi kan me muka yi wa wane. Wanda rumfarsa ta ƙone yana cikin jarrabawa. Wanda tasa ta tsira, shi ma yana cikin tasa, kuma ba mu san wadda ta fi nauyi ba.

Wannan ya kawo mu kan maganar da wasu ba za su so ji ba, maganar bashi. Kasuwancinmu tun na kakanni a kan amana yake tafiya. Manomi a Kadawa ko Ɗanja ya ɗora tumatir, na Aliyero ya ɗora albasa, ba takarda ba sa hannu, sai sunan maigidan da zai sauke. Dillali ya raba wa masu saye, wasu su biya nan take, wasu sai sun sayar. Kuɗi su bi hannu-hannu su koma Arewa. Haka ake yi a goro, haka ake yi a kara. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ranar da wuta ta tashi, kaya sun ƙone amma bashin bai ƙone ba. Shekaru sun shuɗe, har yau akwai 'yan uwa biyu da suke sahu ɗaya a masallaci ba sa gaisawa. Akwai wanda ya canza lambar waya ya koma wani gari. Akwai wanda ya kai ɗan'uwansa wurin 'yan sanda a kan kuɗin kayan da shi ma ya san toka suka zama. Kowannensu kuma in ka tambaye shi zai ce ya yarda da ƙaddara. To ina yardar take?

Irin wannan ta faru a zamanin Manzon Allah, kuma ga ɗan gwari irinmu ta faru. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wani mutum ya sayi 'ya'yan itatuwa, asara ta same shi a cikinsu, bashi ya yi masa katutu. Annabi bai ce masa je ka yi haƙuri kawai ba. Umarni ya yi wa jama'a su yi masa sadaka. Aka tara, bai kai adadin bashin ba. Sai ya ce wa masu bin sa su karɓi abin da ya samu, ba su da wani abu bayan wannan. Malamai sun yi bayanin cewa ba su da ikon matsa masa har sai ya sami hali. A ƙarshen Suratul Baƙara ma an yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, an kuma nuna cewa yafewa ta fi. Cikin mutum takwas da ake ba zakka akwai wanda bashi ya danne. Kuma cikin mutum uku da aka halatta wa roƙo akwai wanda annoba ta cinye dukiyarsa, har ya sami abin tsayawa da ƙafarsa. Ashe addini bai bar karyayye shi kaɗai da carbinsa ba.

Don haka, Alhaji mai bin bashi, in ka yarda Allah ne Ya tsare maka rumfarka ba dabararka ba, to nuna mana a littafinka. Ka ƙara wa'adi, ka rage, in kana da hali ka soke. An ba mu labarin wani ɗan kasuwa cikin mutanen da, wanda ba shi da wani aikin kirki sai dai yakan ce wa yaransa su sassauta wa wanda ya kasa biya, Allah kuwa Ya sassauta masa. Kai kuma ɗan'uwa da ake bi, ƙaddara ba ta zama mafakar gudu ba. Annabi ya taɓa ƙin yi wa mamaci salla saboda bashi sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Ka fito, ka nemi mai kuɗin, ka ce masa ga abin da ya rage, ga abin da zan iya duk wata. Ko naira dubu ce, ta fi ɓuya. Mutuncinka shi ne jarin da wuta ba ta ci ba, kada ka ƙone shi da hannunka.

Wanda kuma ya ga ya faɗi ƙasa warwas, ya tuna Abdurrahman ɗan Aufu. Ya baro dukiyarsa a Makka ya iso Madina hannu rabbana, baƙo kamar yadda kakanninmu suka iso nan. Ɗan'uwansa na Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ribar farko da ya komo da ita ɗan cuku ne da man shanu. Babu kunya ga wanda ya saba sauke tirela ya koma kasa tumatir a faranti. Muna ganin abin kunya shi ne mu da muka san shi mu wuce ta gabansa mu je mu saya a wani wuri.

Abu na ƙarshe, ga samarinmu musamman. Yarda da ƙaddara ba ta hana ɗaure raƙumi. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji ana annoba, kuma bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Kada a riƙa kwana da uwar kuɗi a rumfa. A riƙa rubuta bashi, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan haka ta sauka. In gardama ta tashi tsakaninku da ɗan gari, a kira manya tun tana ƙarama, kun dai ga abin da kwando guda ya jawo. Ramuwa a kan wanda bai yi maka komai ba zalunci ne, ko a Badun ko a Kano. Mutanen nan maƙwabtanmu ne, da yawansu muna sahu ɗaya da su, wasunmu surukansu ne, kuma su ma sun binne nasu.

Shugabanni sun amince kwamitin kasuwa zai riƙa zama kowace Lahadi bayan la'asar a kan basussukan da suka maƙale tun daga gobarar Shasha zuwa yau. Mai bi da wanda ake bi su zo tare, kowa da shaidunsa biyu, malami ɗaya zai zauna da mu. Ba za a karanta sunan kowa a taro ba, ba kuma za a buga shi a mujalla ba. Za a fara da na marayu da matan da suka rasa mazajensu. Masu fitar da zakka a bana, muna roƙo ku ware wani kaso ku damƙa wa ma'aji da sunan wannan aiki, zai ba ku rasiɗi. Wanda yake jin nauyin zuwa da kansa, ya aiko limamin unguwarsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu lafiya da zama lafiya a inda muke.